Google Drive ko turawa daga waya zuwa waya: wanne ne zai dawo maka da hirarrakinka na WhatsApp?

A gidanmu ni ne injiniyan waya na dole, ba don na karanta ba, kawai dai ni ne ba na gajiya da taɓe-taɓe. Kuma a cikin duk abin da ake kawo min babu wanda ya kai wannan yawa: "na canja waya, WhatsApp ɗina ya dawo fayau ba komai, ya za a yi?" Ni kuma kafin in ce komai tambaya ɗaya nake yi, tsohuwar wayar tana ina? Tana hannunka tana kawo wuta, ko ta tafi? Domin amsar wannan tambayar ita ce take zaɓa maka hanya, ba kai ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba har yanzu. Hirarka ta WhatsApp ba a cikin sim take ba, kuma ba a wajen kamfanin take ba. A cikin wayarka take. Su da zarar saƙo ya isa hannun wanda aka tura wa sun goge shi daga wajensu, wanda bai isa ba ne kawai suke riƙewa, shi ma kwana 30 ne su watsar. Wannan ya sa ba kamar Telegram ba ne da za ka shiga a kowace waya ka tarar da kayanka suna jiranka. A WhatsApp in ba ka ajiye kwafi da kanka ba, ko kuka za ka yi musu babu abin da za su ba ka, don su ma ba su da shi.

Bari in fara da Google Drive tunda shi ne mafi yawanmu masu Tecno da Infinix da Itel da Samsung za mu iya yi. Kana shiga saitin, ka shiga Chats, ka gangara inda aka rubuta Chat backup, ka zaɓi Gmail ɗinka, ka zaɓi ko kullum ko duk sati ko duk wata, shi kenan wayar ta riƙa ɗora kwafin hirarka can sama. Amfaninsa guda ɗaya ne amma ya fi na sauran duka nauyi: shi kaɗai ne yake aiki bayan wayar ta riga ta tafi. An ƙwace, ta faɗa rijiya, yaro ya tsoma ta a bokitin wanki, fanel ya ƙone, duk ba ruwansa. Ka je ka yi walkam bak na layinka da NIN ɗinka, ka sa a wata wayar, ka sa wannan Gmail ɗin, WhatsApp ya nemo bakof ɗin ya tambaye ka ko a dawo da shi.

To a nan ne ake yin ta, domin sharaɗi biyu ne kuma ba a sassauta ko ɗaya, lambar waya ita ce dai wadda aka yi bakof da ita, Gmail ma shi ne dai. Na ga wannan da idona a kan yayata. Tana saida atamfa da leshi, kusan duk cinikinta a WhatsApp ne, wadda ta ɗauki turmi uku za ta biya ƙarshen wata, wadda ta ba da rabi, wadda ta turo rasit, duk a cikin boyis da hotuna suke don ita ba ta cika son rubutu ba. Aka fizge wayar tana cikin adaidaita. Ban damu sosai ba da farko saboda ni da kaina na taɓa duba wayar na ga tana bakof. Muka dawo da layi, muka sayi wata wayar, na zauna zan haɗa mata, na ce "Yaya, mene ne Gmail ɗinki?" Ta ce "Gmail kuma? Ai yaron shagon da na sayi waccan wayar shi ya buɗe min, ya danna-danna ya miƙo min." Na ce "To faswod ɗin fa?" Ta dube ni ta ce "Kai dai ƙanena ka gwada shekarar haihuwata." Mun gwada shekarar haihuwarta, mun gwada lambarta, mun gwada sunan ɗan autanta. Da muka bi ta hanyar manta faswod sai Google ya ce zai tura kod zuwa wata lamba da ƙarshenta ba mu san ta ba, wataƙila ta yaron ce, shi kuwa shekara uku ke nan, har shagon ya koma na wani. Bakof ɗin yana can lafiyarsa ƙalau, mu ne ba mu da mukulli. Sai da ta bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya tana cewa "Hajiya don Allah tuna min nawa ne ya rage", kuma kun san ba kowa ne zai tuna daidai ba in shi ake bi.

Saboda haka duk wanda zai dogara da Google Drive, aikin farko ba danna maɓallin bakof ba ne, ka fita daga WhatsApp ɗin ma tukuna ka tabbatar ka san adireshin Gmail ɗinka da faswod ɗinsa, kuma lambar da ke jikinsa taka ce.

Abu na biyu da ke kashe wannan hanyar a wajenmu shi ne data. Yadda WhatsApp yake zuwa, ba ya ɗora bakof sai ya samu Wi-Fi, mu kuwa mutum nawa ne ke da Wi-Fi a gida? Sai ka ga mutum ya zaɓi "kullum" yana ta murna, alhali wayar tana can tana jiran Wi-Fi wata tara. A wannan shafin na Chat backup akwai wajen da za ka kunna ka ba shi izinin amfani da datar layinka, in ba ka kunna ba kamar ka daka ne ba ka tankaɗe ba. Kuma a sama yana rubuta ranar da aka yi bakof na ƙarshe da nauyinsa, wannan ranar ita ce gaskiya, ba abin da ka zaɓa ba. Ɗorawar farko ce mai cin data sosai, ni shawarata a sayi datar dare a danna da hannu a sa waya a caji a kwanta, bayan nan abin da ya ƙaru ne yawanci yake hawa.

Sai maganar wuri. Da can daga ƙarshen 2018 Google ba ya lissafa bakof ɗin WhatsApp a cikin wurin da ya ba ka, ko giga nawa ne ka zuba. Daga farkon 2024 aka daina wannan gatan, yanzu yana cikin giga 15 ɗin nan na kyauta, kuma giga 15 ɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, da Gmail da Google Photos duk tukunya ɗaya suke ci. Wanda yake cikin guruf goma sha, na 'yan makaranta, na unguwa, na dangi, na wa'azi, na siyasa, kowa yana turo bidiyon da ya riga ya gani sau huɗu, in ya kunna haɗawa da bidiyo to ba zai daɗe ba zai cika, kuma in ya cika ba bakof kaɗai ke tsayawa ba har imel ya daina shigowa. Ko dai ka sayi ƙarin wuri a Google One kana biya duk wata, ko ka kashe bidiyon. Ni kashewa na yi. Rubutu da boyis da hotuna su ne abin da nake jin zafin rasawa, bidiyon da na damu da shi bai fi a ƙirga ba kuma na kwashe su daban. In ka shiga Manage storage zai jero maka duk fayil ɗin da ya wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa, minti goma na share-share yana iya rage maka rabin kayan.

Wasu abubuwa biyu kuma da ba a faɗa wa mutane. Kwafi ɗaya tak Google Drive yake riƙewa, sabo yana hawa yana danne tsoho. Kuma tambayar nan ta "a dawo da hirarka?" a lokacin da kake sa WhatsApp ɗin kawai take zuwa. In ka yi saurin danna tsallakewa, wanda yaran shago suka ƙware a kai don su sallame ka da wuri, to kar ka ci gaba da amfani da shi a haka, ka cire manhajar nan take ka sake sa ta. In ka bari har wayar ta yi sabon bakof a wannan Gmail ɗin, wannan fankon shi zai hau kan na shekara biyar ɗinka ya shafe shi. Sannan bakof ɗin da aka bari wata biyar ba a sabunta ba Google yana iya goge shi, don haka wanda ya ce sai ya samu kuɗin waya mai kyau tukuna zai dawo, ya san da wannan.

Yanzu ɗaya hanyar, turawa kai tsaye daga waya zuwa waya, wadda suka fito da ita a 2023. Gaskiya in wayoyin biyu suna gabanka wannan ta fi Google Drive ta kowace fuska. Ba ta cin data, don wayoyin ne suke haɗa Wi-Fi a tsakaninsu su biyu, ba ruwanta da Gmail, ba ruwanta da giga 15, kuma tana kwaso har bidiyoyin da ka hana bakof ɗauka. A tsohuwar wayar za ka fara, saitin, Chats, sai Transfer chats. Bayan nan ne za ka buɗe WhatsApp a sabuwar ka sa lambarka, kod ya shigo, sai ta nuno maka wannan zanen QR ɗin, ka haska shi da kyamarar tsohuwar, ka ajiye su kusa da juna ka ƙyale su. Ka lura da jerin, tsohuwa ce farko. Masu zumuɗin sabuwar waya su kan fara yin rajista a can su gama komai har su sa hoton furofayil, sannan su waiwayo, a lokacin tsohuwar ta riga ta fitar da su.

Matsalarta a fili take, tana buƙatar tsohuwar waya da rai. Ba rai kawai ba, sikirin ɗin yana taɓuwa, kyamara tana gani, batir zai iya riƙe wuta har a gama. Wayar da ta faɗi fuskarta ta yi baƙi ƙirin sai dai a fara kai ta wajen mai gyara. Tarihin kiran da ka yi ba ya bin ka, wannan kam ba wani abu ba ne. Sai kuma wuri, in tsohuwar mai giga 128 ce ta cika taf ka sayi mai 64, ba sai an faɗa ba. Kuma masu zuwa kasuwa irin Farm Centre a Kano su ba da tsohuwa su cika kuɗi su karɓi wata, don Allah kar ka miƙa wayar sai ka zauna a bencin nan an gama turawa ka buɗe ka ga hirarka da idonka, sannan ka goge tsohuwar gaba ɗaya da hannunka. Mai shago yana sauri, kai ba ka sauri.

To ka ga ashe ba kishiyoyi ba ne sosai. Ɗaya ta ranar da ka shirya ce, ɗaya ta ranar da ba ka shirya ba. Wanda ya ce shi ba ya bakof saboda ai akwai turawa ta QR, yana nufin ya yi alkawari da ɓarawo zai sanar da shi kafin ya zo.

Akwai ta uku da tsofaffin hannu suke so, wato kwafin da wayar Android take ajiye wa kanta a cikinta da ƙarfe 2 na dare, tana riƙe na kwana bakwai. Yana cikin folda Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Databases, fayilolin da sunansu ya fara da msgstore. Da can muna kwafe shi mu kai wata wayar mu canja masa suna ya tashi lafiya, har saƙon da ka goge shekaranjiya kana iya dawo da shi ta haka tunda akwai na kwanaki daban-daban. A sababbin Android abin ya zama na sa'a, wani lokacin ya gani wani lokacin ya yi kamar bai san da shi ba, ni na daina yi wa kowa alkawari a kansa. Kuma yana mutuwa tare da wayar, in an yi mata filashin ma ya tafi. Abin da har yanzu nake yi da wannan foldar shi ne ɓangaren Media, duk bayan wata biyu ko uku in jona waya da kwamfuta in kwashe hotuna da boyis in zuba a filash. Akwai muryar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana yi mana faɗa a guruf ɗin gida a kan zumunci, wajen minti huɗu, har da tarinsa a tsakiya. Na Yaya ya tafi da wayarta, daga wannan filash ɗin na sake tura mata.

Masu iPhone labarinsu kusan ɗaya ne sai dai wurin ajiyarsu iCloud ne, kuma giga 5 kacal Apple yake bayarwa kyauta, ga shi WhatsApp yana son wurin da ya rage ya ninka nauyin bakof ɗin sau biyu da ɗoriya kafin ya yarda ya hau. Shi ya sa yawancin masu iPhone da na sani bakof ɗinsu ya tsaya tun bara, kullum wayar tana musu ƙorafi suna share sanarwar. In kana riƙe da iPhone kuma harkarka a WhatsApp take, biyan kuɗin ƙarin iCloud ɗin nan kusan dole ne. Babban tarko kuma shi ne tsallakawa. Bakof ɗin Google Drive ba ya buɗuwa a iPhone, na iCloud ba ya buɗuwa a Android, ko kusa. Daga Android zuwa iPhone hanyar da aka sani tun 2022 ita ce manhajar Move to iOS, kuma tana son iPhone ɗin ya zama sabo fil ko an goge shi tas, wato in ka sayi 'yar hannu ka riga ka kwana uku kana zuba kaya a ciki, sai ka sake share ta. Daga iPhone zuwa Android kuma da kebul ake haɗa su lokacin da ake saita sabuwar. Duka biyun suna son tsohuwar waya a hannu. Wanda aka sace wa Android ya ce bari ya huce haushi da iPhone, ya sani hirarsa ba za ta biyo shi kai tsaye ba, sai dai ya ari wata Android ya fara sauke bakof ɗin a ciki, daga nan ya tsallaka.

Maganar kulle bakof da faswod, wadda suka kawo a watan Oktoban 2021, ina da ra'ayi a kai da wasu ba za su so ba. Gaskiya ne in ba ka kunna ba, kwafin da ke Google Drive ko iCloud ba ya cikin wannan rufin da WhatsApp yake yi wa saƙonni tsakaninka da wanda kake magana da shi. In ka kunna, ka zaɓi faswod ko mukulli mai lamba 64, babu mai iya buɗewa, har su kansu. Ɗan jarida, lauya, likita, ɗan siyasa, mai riƙe sirrin mutane, ya kunna ya rubuta a takarda ya adana. Amma Hajiyarmu da ko lambar katin cire kuɗinta sai ta kira ni, ba zan kunna mata ba, don ranar da waya ta ɓata faswod ya ɓata babu wani "na manta" da zai yi aiki. A wajenta haɗarin mantuwa ya fi haɗarin wani ya leƙa nesa ba kusa ba.

Masu GB WhatsApp da 'yan uwansa, ku dai kun san halin da kuke ciki. Ba na kamfanin ba ne, bakof ɗin Google Drive ba ya tafiya da su yadda ya kamata, ana iya rufe lambar mutum, kuma kamfanin da bakinsa ya ce ba ya ba da tabbacin hirarka za ta dawo in ka koma na asali. Ganin saƙon da aka goge da ɓoye shuɗin tik bai kai wannan ba.

Sai ɗan abin nan na Export chat da ke cikin kowace hira. Wannan ba bakof ba ne, ba ya komawa cikin WhatsApp, takarda ce kawai yake fitar maka ta rubutu, har saƙo 40,000 in babu hotuna, 10,000 in da su. Amma ga ɗan kasuwa yana da rana. Hirarka da dilan da kuke harkar miliyoyi, ko wanda kuka yi cinikin fili, ka fitar ka tura wa kanka a imel, ko ba komai kana da abin nunawa da kwanan wata da lokaci in magana ta tashi. Telegram ma tun 2021 yana karɓar irin wannan fayil ɗin ya jera maka shi kamar hira. Haka WhatsApp ɗin da ka jona a kwamfuta, shi ma kar ka ɗauke shi ma'ajiya, in babbar wayar ta kwana 14 ba ta hau ba zai fitar da kai, sai dai a ranar da aka yi maka sata kana iya buɗe shi da sauri ka kwafi lambobi da abin da ya fi muhimmanci kafin ka yi rajista a wata wayar.

In lamba za ka canja tare da waya, ka fara yin Change number a tsohuwar wayar tukuna, ka sake bakof da sabuwar lambar, sannan ka tura. In ka juya jerin, sabuwar lamba ba za ta ga bakof ɗin tsohuwa ba.

Yaya dai yanzu na buɗe mata Gmail da lambarta, na rubuta adireshin da faswod ɗin a bangon ƙarshe na littafin bashinta wanda ba ya fita daga ɗaki, na sa mata bakof na kullum da datar layi ba tare da bidiyo ba. Duk ranar Juma'a in na je cin abinci sai ta miƙo min wayar ta ce "duba min ranar nan taka", in duba, in ce na daren jiya ne, ta karɓe abarta.